Martani: Ba Lauya Ne Ke Raba Gidajen Mayo-Oulo Ba

Malam, na karanta rubutunka a kan rikicin aure da gado a ƙasar Garwa, inda ka kafa misali da Mayo-Oulo, kuma na ga bai kamata in yi shiru ba. Matsayinka shi ne maganar gida a gida ake kashe ta. In ta fi ƙarfin gida akwai jauro, akwai lawan, akwai fadar lamiɗo da malamanta. Wanda ya tsallake waɗannan ya nemi lauya, a ganinka, ya tona asirin zuriyarsa, kuma ba a dawowa daga kotu a ci gaba da zumunci. Ka ƙara da cewa rubuta wasiyya da neman takardun dukiya tun mutum yana da rai ɗabi'ar Nasara ce, tunda Allah Ya riga Ya raba gado. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyarka ba. Sai dai in aka bi shawararka yadda ka shimfiɗa ta, masu ƙarfi a cikin dangi za ta yi wa rana, wadda za ta ɗanɗana kuɗarta kuwa ita ce matar da aka saka da goyo, da marayan da baffansa ya riƙe gonar ubansa.

Lauyan nan da kake faɗa da shi, yawancin matan Mayo-Oulo ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Garin yana gindin duwatsu, kan iyaka da Najeriya, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi uku na Mayo-Louti tare da Guider da Figuil. Manyan kotunan yankin suna Guider, kotun ɗaukaka ƙara tana Garwa, kusan kilomita 100 daga Guider, lauyoyin Kamaru kuma galibinsu Duwala da Yawunde suka tare. Matar da aka kora a tsakiyar damina, rafuka sun cika, ba ta da kuɗin babur, ba ta jin Faransanci, wace kotu za ta ruga? Abin da ke cin mutanen nan shi ne rashin wanda zai zaunar da su ya gaya musu haƙƙinsu. Ka zo kana gargaɗin su a kan yawan abin da ko kaɗan daga cikinsa bai isa gare su ba.

A kan sulhu ba mu da saɓani. Alƙur'ani ya yi umarni da a tashi mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata in aka ji tsoron ɓaraka, dokar sarautun gargajiya ta 15 ga Yuli 1977 ma ta amince wa sarakuna su sasanta talakawansu. Tambayata ita ce wa ke zaune a zauren da ake sulhun. Mutum ya rasu, matarsa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ranar sadakar bakwai, ko ta arba'in, 'yan'uwansa maza suka zauna a ƙofar gida suka yi magana. Ita tana ɗaki. Aka aika mata cewa ta yi haƙuri, ai yaran nan namu ne, ba za su wulaƙanta ba. Kafin ta fita takaba an kora shanu zuwa wani garke, ƙanen miji ya nome gonar auduga, babur ya zama na ɗan wa. Ba wanda ya ɗaga murya, don haka daga nesa sai a ce an zauna lafiya. Malamanmu sun karantar da mu cewa sulhun da ya halatta haram ba sulhu ba ne, kuma cin dukiyar maraya yana cikin manyan zunubai masu halakarwa. Yafewa tana inganta ne in mai yafewar ya san abin da yake da shi. Wadda ba ta san tana da tumunin takaba ba, ba yafewa ta yi ba, ƙwace mata aka yi cikin ladabi.

Akwai kuma abin da rubutunka bai taɓo ba ko da layi ɗaya: gwamnatin da muke ƙarƙashinta takarda take ji. A ce mamacin malamin makaranta ne, ko soja, ko ma'aikacin kamfanin auduga na SODECOTON, ko ɗan kasuwa mai ajiya a banki a Garwa. Banki ba zai buɗe asusunsa da sallamar fada ba, hukumar fansho ta CNPS ma haka. Za su nemi takardar mutuwa, takardar aure, takardun haihuwar yara, rubutaccen bayanin taron dangi, sannan hukuncin kotu mai tabbatar da magada, wanda ake kira jugement d'hérédité. Ko dangi sun so ko sun ƙi, wani zai je kotu. Abin da ya rage shi ne wa zai je, kuma sunan wa zai rubuta. Wanda aka bar sunansa a waje, a idon hukuma babu shi. Su wa aka fi bari? Matar da aka ɗaura aurenta a masallaci ba a kai shi ofishin magajin gari ba, yaran da ba su da takardar haihuwa, da 'yar da take aure a Mubi. Kada a manta ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 ce ta bar Mubi a Najeriya, amma ba ta hana auratayya ba, kuma har gobe akwai gidajen da magadansu ke ɓangarori biyu na iyaka. In ka ce wa raunana su zauna gida don rufin asiri, ka bar wa mai wayon cikin dangi hanyar Guider shi kaɗai.

Kotun da talaka ya fi zuwa neman wannan hukunci ma ba baƙuwar al'ada ba ce. Dokar 19 ga Disamba 1969 ta tsara kotunan gargajiya a ɓangaren ƙasar mai amfani da Faransanci, ta ba kotun matakin farko hurumin aure, saki, nasaba da gado. Alƙalinta yana zama da mataimaka waɗanda suka san al'adar masu shari'ar, kuma ba dole sai da lauya ake tsayawa gabanta ba. In ɗaya daga cikin masu shari'ar bai yarda da ita ba, yana da damar faɗa tun farko, kafin a shiga gundarin magana, sai a mayar da ƙarar kotun rubutacciyar doka. Wannan ƙaramin bayani kaɗai yana iya sauya makomar gida, kuma irinsa ne nake nufi da taimakon shari'a.

Haka batun takardar aure. Maza da yawa suna gudun sa hannu a ofishin magajin gari don sun ji an ce wanda ya sa hannu ya haramta wa kansa ƙarin aure. Dokar 29 ga Yuni 1981 ba ta ce haka ba: ana rubuta zaɓin ma'aurata ne a takardar, mace ɗaya ko fiye. Dokar nan ce kuma ta ce in miji ya rasu magadansa ba su da iko a kan matarsa, ko 'yancinta, ko kasonta na dukiya. Sai ɗaya gefen, wanda ya shafi maza kai tsaye. In aure yana cikin rajista, sakin baki ko na 'yar takarda ya raba shi a addini, amma a wurin hukuma yana nan sai kotu ta raba. Matar ta gama idda ta yi wani aure ta haihu, doka tana kallonta a matsayin matar na farko, ɗan ma ana iya jingina shi ga wanda ba ubansa ba. Shekara goma bayan haka, ranar rabon gado, gidaje biyu su rikice a kan abin da zama ɗaya da masanin doka zai warware tun farko. Wane rufin asiri aka yi a nan?

Ka ce shari'a ta masu kuɗi ce. Da gaskiyarka a wani ɓangare, kuma ba zan yi wa kotuna kwalliya ba: akwai jinkiri, akwai ɗage zama, akwai kuɗin mota da na tambari, akwai harshen da talaka ba ya ji. Amma tunda ka ɗauki alƙalami don amfanin jama'a, ya kamata ka gaya musu cewa akwai dokar 14 ga Afrilu 2009 wadda ta kafa kwamitocin agajin shari'a a kotuna, don a ɗauke wa marasa hali kuɗin ƙara, duka ko wani sashe. Dokar ta ambaci mai riƙe da ƙananan yara da ke cikin shari'ar rabuwar aure ba shi da abin shiga na kansa. Ta kuma ba da agajin kai tsaye ga wanda abokin aurensa ya yasar ba aiki ba abin hannu, in yana neman kotu ta yanka kuɗin ciyar da shi ko yaran da aka bar masa. Dokar hukunta laifuka ta 12 ga Yuli 2016 kuma ta mayar da korar miji ko mata daga gidan aure, ba da dalili ba kuma ba ta hanyar kotu ba, laifi mai ɗaurin wata 3 zuwa shekara 1 da tarar sefa 50,000 zuwa 500,000. Ɗaurin yana hawa shekara 2 zuwa 5 in matar tana da ciki, ko an haɗa da duka ko ƙwace kayanta, ko kuma wani ne ba mijin ba ya yi korar. Ba fatana ba ne a ɗaure surukin kowa. Amma dangin da suka san wannan doka tana nan za su yi tunani kafin su fitar da kayan ɗakin matar ɗan'uwansu tsakar gida, kuma sau da yawa sanin kawai ya isa ya sa a yi sulhun gaskiya ba tare da an je ko'ina ba. Suratul Ɗalaƙ ta riga dokar 2016 hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda. Mu ne muka bar aiki da ita.

Wannan ya kawo ni inda na fi jin ciwon rubutunka, wato jingina kai ƙara ga Nasara. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan ƙarancin ciyarwa, ba a ce mata ta tona asirin gidanta ba, hukunci aka ba ta. Khaula 'yar Sa'alaba ta yi jayayya a kan abin da mijinta ya yi mata, sura guda ta sauka da sunan jayayyar. An ruwaito Sayyidina Ali yana wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a shari'a. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalan ƙasar Hausa da Fombina suka yi ta hukunci da ita, tana da babi a kan wakilci. Lauya wakili ne. Yana iya zama na kirki, yana iya zama maci amana, kamar kowane wakili. Lamiɗancin da kake kafa hujja da shi kuwa daga tutar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba Modibbo Adama a 1809 ya samo asali, kuma cikin abubuwan da Shehu ya zargi sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙ akwai cinye dukiyar mamaci da sunan gado. An kafa alƙalai a waɗannan masarautu ne don talaka ya sami inda zai kai kuka in danginsa suka danne shi. Maroko, ƙasar Malikiyya irinmu, ta sa saki ƙarƙashin kulawar kotu a dokar iyalinta ta 2004, ba ta fita daga Musulunci ba.

Akwai wurin da tsoronka yake da tushe, kuma ba zan kauce masa ba. Rubutacciyar dokar farar hula da Kamaru ta gada daga Faransa tana raba gado daidai tsakanin ɗa da 'ya. Kotun Ƙoli ta nuna a wani hukunci na 1985 cewa addinin mutum ba shi ne al'adarsa ba a idon doka, a 1993 kuma, a wata shari'ar fili daga yankin Arewa maso Yamma, ta yi watsi da al'adar da ke hana 'ya mai aure gadon ƙasar ubanta. Dokar iyali guda ɗaya da aka daɗe ana alƙawari har yau ba ta fito ba. Musulmin da ke son a raba dukiyarsa yadda Suratun Nisa'i ta tsara yana da dalilin damuwa. Amma gudun takarda ba ya maganin wannan damuwa. Hukuncin tabbatar da magada sunayensu yake lissafawa, ya naɗa mai kula da dukiya. Rabon kansa, magadan da suka balaga suna iya yin sa da yardar juna. Malami ya buga lissafi, kowa ya ji kasonsa, a rubuta, a sa hannu gaban shaidu, in akwai ƙananan yara a bi ta kotu don a tsare musu nasu. Rabon da aka yi haka ya fi wuyar rushewa fiye da na baka.

Kuma mu gaya wa kanmu gaskiya, Malam. A ƙauyuka nawa ake ba 'ya mace rabin kason namijin da Allah Ya yanka mata a gona? Abin da aka fi ji shi ne mace ba ta gadon gona, za ta kai wa wani gida. A ba ta 'yan kwanuka da zannuwan uwarta, a ce Allah Ya yi albarka. Wannan ba dokar Faransa ba ce, ba kuma hukuncin littafin fiƙihu na Risala ba ne. Muna ɗaga sunan shari'a in za mu ƙi kotu, mu ajiye ta in za mu raba gona. Da a ce ana ba mata haƙƙinsu na addini cif-cif, da matan da za su nemi hanyar Guider ba su taka kara sun karya ba.

Maganar wasiyya kuwa, na yi mamakin yadda ta fito daga alƙalamin mai karatu irinka. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Muwaɗɗa yana kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce da rubuta bashi. Gaskiya ne Allah Ya raba gado, amma ba a raba sai an fitar da bashi da wasiyya, kuma ba a raba abin da ba a san da shi ba. Shanun da ke hannun makiyayi, kuɗin da aka ba abokin ciniki a kasuwar Garwa, amanar wani da ke cikin shago, filin da aka saya da shaidar mutum biyu waɗanda ɗayansu ya rasu, sadakin da ba a gama biya ba: duk wannan a kan mutum ɗaya yake, ranar da ya faɗi kuma ya tafi da shi. Sau da yawa rigimar gado daga nan take tashi, kowa yana zargin kowa da ɓoye wani abu.

Sulusin da shari'a ta bar wa mutum ya yi wasiyya da shi ga wanda ba magaji ba yana da aiki babba a wuri irin Mayo-Oulo. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado in akwai baffanni. Masar sai da ta mayar da wasiyya gare shi dole a dokarta ta 1946, mu kuwa sai kakan ya tuna da shi da kansa. Ƙasar nan ta Fali ce da Daba da Fulani da Hausawa da wasunsu, akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin addinin kakanni, wani lokaci a gida ɗaya. Mutumin da ya musulunta mahaifiyarsa ba ta musulunta ba, ba za ta gaje shi ba a fiƙihu, amma wasiyya gare ta ta halatta. In bai yi ba, tsohuwar da ta haife shi ta tashi a tutar babu. Wanda ya ba matarsa kyautar ɗaki ko saniya da baki, ya sani a Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu kafin ciwon ajali. Ga kuma inda ilimi biyu suke buƙatar juna: dokar farar hula tana karɓar wasiyyar da mutum ya rubuta dukkanta da hannunsa, ya sa kwanan wata da sa hannu, amma mai 'ya'ya uku ko fiye rubu'in dukiyarsa kawai ta bar masa ya bayar, ba sulusi ba. Mai iyali da yawa da ya tsaya a rubu'i ya tsira ta kowane ɓangare. Malami shi kaɗai ba lalle ya san wannan ba, lauya shi kaɗai ba lalle ya san hukuncin jika ba. Fili kuma, tun dokar 6 ga Yuli 1974, takardar mallaka ta hukuma ita ce cikakkiyar shaida, kuma wanda ya riga kai sunansa can ya bar sauran magada da doguwar wahala.

Abin da nake so mu nema tare bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, tana koyar da doka, kuma cikin ɗalibanta akwai 'ya'yan Mayo-Louti masu jin Fulatanci da Hausa da harsunan duwatsu. A riƙa kawo su da malamansu ranar kasuwa su zauna su amsa tambayoyi kyauta. Ƙungiyar mata masana doka ta ACAFEJ tana aiki tun 1989, a Marwa kuma aikin Aissa Doumara Ngatansou da abokan tafiyarta ya nuna 'yar ƙasa tana iya tsaya wa mata ba tare da ta rushe gidan kowa ba. Limamin da zai ɗaura aure ya tambayi waliyyai ko za a kai shi rajista. Fada ta ƙi amincewa da duk taron dangin da matar mamaci ba ta da wakili na kanta a cikinsa, daga danginta, ba daga na miji ba. Takardar taron a karanta ta da harshen da kowa ke ji kafin a dangwala yatsa, a ba kowace mata da kowace 'ya kwafinta.

Kai kuma, Malam, ana jin maganarka a zauruka da masallatan da tawa ba ta kaiwa. A rubutunka na gaba, ka ci gaba da kiran mutane zuwa sulhu, ina bayanka. Ka haɗa musu da jerin takardun da matar mamaci za ta tanada kafin ta fita takaba, da ofishin da ake karɓar kowace.